Shekarar da Na Ja wa Baba Gora

Ran sunan jikata, ɗiyar Nafisa, ina bayan ɗaki ina yanka albasa, na ji Nafisa tana gaya wa ƙawayenta da Larabci wai da kakanta bai hana ni karatu ba, da yanzu uwarta babbar ungozoma ce a Madani. Ban tanka mata ba don ranar farin ciki ce, amma maganar ta kwana da ni. Na san ba ita ta ƙirƙira ba. Daga bakin mutanen hilla, wato ƙauyenmu, ta ji, su ma rabin abu suka gani suka cika sauran da zato. Ku 'ya'yana babu wanda ya riski Baba a cikinku, kuma ba na so in bar duniya kuna riƙe da shi a kan abin da bai yi ba. Saboda haka ku zauna ku ji yadda aka yi.

Gidanmu na Hillar Sambo yana yamma da Hasahisa, a bakin babbar tur'a, magudanar da ke kai ruwa gonakin auduga. Baba hawasha ɗaya gare shi, gonar da hukumar noma ta raba wa manoma, yana sa auduga da dawa da ɗan gyaɗa. Mutum ne da ba ya zama. Ko babu aiki sai ya saɓa sanda ya bi gefen ruwa, ya dawo da labarin wanda ya haihu da wanda saniyarsa ta faɗa rami. Inna Kulu kuwa tana gida tana dama godogodo, kunun geron nan namu, na sayarwa, faɗa a baki tausayi a ciki. Yayana Bashiru yana aiki a masaƙar Hasahisa, sai ran Juma'a muke ganinsa. Ni ce auta. A shekarar da nake ba ku labari na gama makarantar 'yan mata, malamarmu ta zo har gida ta ce an karɓi sunana a makarantar ungozoma ta Wad Madani, in shirya bayan Babbar Salla. Baba ya fi kowa murna. Ya zagaye hilla gida gida yana faɗi, kamar shi aka ɗauka.

A wannan hunturun ne idonsa ya tafi. Da farko shayi yake zubawa a gefen kofi, muna dariya. Wata rana da yamma ya yi wa tulin karan dawa sallama, ya tsaya yana jiran amsa, to daga nan dariya ta ƙare. Bashiru ya kai shi asibiti a Madani, likita ya duba ya ce jijiyar idon ce ta mutu, ba yana ba ce da za a cire. Ya dawo ya hau gadon igiya a ƙarƙashin rumfa, ya juya fuska bango. Mutumin da ƙafarsa ba ta san hutu ba, ga shi sai an kama hannunsa zuwa bayan gida. Inna ta yi masa faɗa, ta yi lallashi, ta dafa miyar kuka yadda yake so, ya ci loma biyu ya ture. Abokansa na masallaci suka zo suka tafi. Muna kallo yana ramewa.

Wata safiya ina shara kusa da shi ya kira ni.

"Hajaru, zaka nan. Kin san ina da ƙanwa?"

Na ce ban sani ba. Duk mun tashi a kan cewa shi kaɗai ne a wurin iyayensa.

Ya ce, "Lokacin da munka taso daga yamma za mu aikin Hajji, ni yaro ne, ban kai tsawon sandar nan ba. Mun shekara biyu bisa hanya. Da munka iso ƙasar nan, tun ba a gama gina tur'o'i ba, innata tana da tsohon ciki. Ta haihu a wani zango mai tsamiya, kwana ɗaya tsakani tar rasu. Cikin ayari babu mai shayarwa. Akwai Larabawa makiyaya kusa da wurin, wata mata cikinsu tana da goyo, babana yam miƙa mata jinjirar, yac ce zai dawo. Ni na riƙe ƙafarta har anka ɓamɓare hannuna."

Kuɗin guzuri ya ƙare musu, kakana, mahaifin Baba, ya shiga aikin haƙan tur'a, Makka ba ta yiwu ba. Da ya samu sarari ya koma zangon, ya tarar ruwa ya ratsa makiyayar, rugar ta tashi, ba wanda ya san inda suka nufa. Ya yi ta tambaya har ya gaji, daga baya ya hana a ambaci zancen a gabansa. Baba ya ce duk yawon nan da yake yi a gefen ruwa, ashe kallon fuskokin mata yake yi daga nesa, ko zai ga mai kama da uwarsa. Bai taɓa buɗe baki ya tambaya ba saboda kunyar a ce sun yar da jininsu.

"Yanzu ko ta tsaya gabana ba ni ganin ta," in ji shi. "Amma kunyar ma ta tahi tare da idon. In na samu mai riƙe min sanda, zan tambaya."

Inna ta leƙo daga madafi da muciya a hannu.

"Malam, ka ji tsoron Allah. Da ido ba ka same ta ba, sai yanzu? Ka bar yarinya ta yi shirin makaranta."

Ni kuwa abin da na gani shi ne karon farko da ya tashi zaune da kansa tun dawowarsa daga Madani. Na jingine tsintsiya na ɗauko sandarsa.

Haka muka fara. Da an idar da sallar asuba mu sha shayi, Inna ta ɗaure mana kisira, wainar dawa mai faɗi, da ɗan dabino a tsumma tana ƙunƙuni, mu fita. Ni a gaba riƙe da kan sanda, shi a baya riƙe da gindinta. Hanyar kan tur'a miƙaƙƙiya ce, ba ta da wuyar bi. Hagu da dama auduga ta yi fari, mata masu tsinka suna ɗago kai su gaishe mu, balbela na bin bayan garma. Baƙar ƙasar nan tamu ta tsattsage da rani, nakan ce masa ga rami, ya ce ya riga ya ji shi a ƙafa. Yakan sa ni in faɗa masa duk abin da nake gani. In na ce ga gona, sai ya ce gonar me, ta sha ruwa ko ba ta sha ba, ganyen ya yi kore ko ya fara rawaya. A wurinsa na koyi kallo. Ni da aka haife ni a wurin, ban san itacen gawo yana zubar da ganye da damina ya tofo da rani ba sai da makaho ya sa ni na lura.

Duk hillar da muka shiga, gidan mafi tsufa muke nema. A ba mu tabarma, a kawo ruwa, Baba ya gabatar da kansa da sunan ubansa da garin da suka taso, sannan a hankali ya kawo zancen zango mai tsamiya. Yawanci ba su sani ba, amma babu tsohon da zai bar ka ka tashi hannu wofi, sai ya ba ka nasa labarin. A wata hilla aka nuna mana rijiyar da Gobirawa suka haƙa tun kafin ruwan gwamnati, an daina sha amma ba wanda ya yarda a cike ta. A wata muka tarar da zuriyar waɗanda suka baro Sakkwato da zuwan Turawa, har yau unguwanninsu suna amsa sunayen garuruwan da kakanninsu suka bari, garuruwan da ko ɗaya cikinsu bai taɓa gani ba. Wani tsoho mai karyayyen kafaɗa ya kwatanta mana yadda suka kwashe ƙasar tur'a da kwando a ka, suna waƙa da Hausa don mai gadinsu kada ya gane zaginsa suke yi. Ya rera mana, shi da Baba suka yi ta dariya har tari ya sarƙe su. Muka wuce wata ƙubba fara ta wani shehi, a bayanta akwai layin kaburbura marasa suna, aka ce alhazan hanya ne da zazzaɓi ya kwashe. Baba ya sa na tsayar da shi a kansu ya yi musu addu'a mai tsawo, ya ce wa ya sani ko cikinsu akwai wanda ya taɓa goya shi.

Kafin azumi naman jikinsa ya dawo. Inna ta daina ƙunƙuni, ta fara ƙara dabino a tsumman.

Bayan Ƙaramar Salla muka isa wata hilla ta kudu inda aka kai mu wurin Iya Tabawa, tsohuwa tukuf, tana kaɗi a ƙofar ɗaki. Da Baba ya ambaci tsamiya, mazarin ya tsaya a hannunta.

"Tsamiyar tana nan, ai an bar ta a tsakiyar gona. Na san rugar. Mu kan kai musu gero su ba mu nono. Da anka ratsa musu ruwa sun ƙetare kogi, sun yi gabas wajen Rufa'a. Kuma akwai wata baƙar yarinya cikinsu da ba ta kama da su. Ban san sunanta ba."

Baba ya yi mata godiya, muka kamo hanyar gida.

To ga Babbar Salla ta matso, ga gabashin kogi faɗi gare shi, ƙauyuka warwatse cikin daji, ba tur'a da za a bi. Bashiru ba zai iya barin masaƙa ba. Inna ƙafa ta dame ta. An riga an saya mini akwatin ƙarfe, an ɗinka mini fararen kaya. Na kwashe kwanaki ina buɗe akwatin ina rufewa. Ina son makarantar nan, kada wani ya ce muku ba na so. Tun ina ƙarama in ungozoma ta shigo hilla da farin mayafinta nake bin ta a baya. Amma na san in na tafi Baba zai koma gadon igiya ya juya fuska bango, kuma wannan karon ba zai tashi ba. Washegarin salla, muna yanyanka nama, na ce ba zan tafi bana ba.

Ban taɓa ganin fushin Baba irin na ranar ba.

"Ba ki isa ba! Ni na zagaye hilla na hwaɗi ɗiyata za ta Madani. Kina so a ce makaho ya cinye rabon ɗiyatai? Na yahe neman. Na yahe! Ɗauki akwatinki."

Na ce, "Baba, makaranta tana nan baɗi."

"Baɗi naki ne? Wa ya ba ki shi?"

Ya rantse ba zai ƙara taka waje da ni ba, ya cusa sandarsa ƙarƙashin gado. Ya daina amsa gaisuwata. Ya aika a kira malamarmu ta zo ta yi mini magana, ta zo ta yi, na saurara na ba ta haƙuri. Ranar da motar Madani ta tsaya a bakin hanya, Inna da kanta ta ɗora akwatin a ka ta kai, ni kuwa na shige gidan maƙwabta na ɓoye har na ji tashin motar. Inna ta dawo da akwatin ta dire shi a tsakar gida, ta zauna a kansa ta yi kuka, ta zage ni, sannan ta tashi ta zuba mini abinci. Gurbina aka ba wata yarinya daga hillar gaba. Mutane suka ga makaho, suka ga ɗiyarsa ba ta tafi ba, suka haɗa labarinsu. Wanda ya hana ni karatu, in akwai shi, ni ce.

Baba ya ɗauki lokaci bai huce ba. Da na ga haka, ran kasuwar Rufa'a na bi matan hillarmu masu kai gyaɗa, na ƙetare kogi ba tare da shi ba, na yi ta tambaya wurin masu nono. Ban samo komai ba sai sunayen ƙauyuka. Da na dawo na zauna nesa da shi ina lissafa wa Inna su da ƙarfi. Can sai na ji ya yi gyaran murya.

"Wanga na ukku da kika ambata, ba makiyaya ba ne, masunta ne. Ke ba ki iya tambaya ba."

Ya laluba ƙarƙashin gado ya jawo sandar. Ya ciyar da miskinai kaffarar rantsuwarsa, muka koma hanya.

Gabas ba kamar yamma ba ce. Mukan shiga mota zuwa Hasahisa, mu hau bantun, jirgin ƙarfen da ke ƙetarar da mutane da jakuna, daga Rufa'a kuma sai ƙafa. Ƙasa mai yashi, ƙaya, magarya, iska ba abin da ke tare ta. Wani lokaci mu kwana gidan wanda ba mu sani ba, a ba Baba ɗakin baƙi, ni in kwana cikin mata. An sha nuna mana hanyar banza. Har wata rana, gab da faɗuwar damina, wata mai sayar da man shanu ta saurari Baba ta tafa hannu ta ce da Larabci, ai wannan Zainab ce 'yar alhazai, ta ƙauyen Ummu Sidira, kowa ya san ta.

Mun same ta da hantsi tana ba awaki ruwa. Doguwa, ta haura hamsin, da tsage uku uku a kumatu irin na mutanen da suka rene ta. Amma goshin na Baba ne, wushiryar tasa ce, har yadda take karkata kai in tana sauraro. Baba ya ja sandar yana tambaya a hankali, "Mi kika gani? Hajaru, mi kika gani?" Na ce masa, "Kai na gani, Baba, da mayafi."

Ba ta rungume mu ba. Ta shimfiɗa tabarma ta kawo ruwa kamar yadda ake yi wa kowane baƙo, ta zauna ta ji labarin har ƙarshe, fuskarta ba ta motsa ba. Ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya, da Larabci aka yi komai. Da Baba ya gama ta nuna wajen maƙabarta.

"Ubana yana can, ni na rufe masa ido. Uwata ma tana can. Sun faɗa mini wani ya bar ni ya ce zai dawo. Ina yarinya duk ayarin da ya wuce sai na fita na tsaya. Daga baya na daina fita."

Baba ya sunkuyar da kai ya ce gaskiyarta ce, bai zo karɓar komai ba, bai zo da hujja ba. Awaki na ta kuka. Har na fara tattara tsummanmu. Sai ta yi tambaya, muryarta ƙasa ƙasa.

"Wadda ta haife ni, ta gan ni?"

Ya ce ta gan ta. Ta rungume ta yini guda da kwana guda, ta ba ta nono, ta shafa kanta ta ce gashin na dangin uwarta ne. Ya ce ran Lahadi aka haife ta, uwar tana ta kiran ta Ladi, Ladi, har muryarta ta ɗauke. Matar nan ta maimaita sunan kamar tana ɗanɗana shi. Sannan ta matso ta kama hannun Baba ta ɗora a fuskarta. Yatsunsa suka bi goshin, suka sauko kan tsagen suka tsaya, suka wuce. Ni na tashi na koma wurin awaki, don abin ya fi ƙarfin idona.

Daga nan zumunci ya ƙullu. Ta zo hillarmu da 'ya'yanta da tulun man shanu, Inna ta yanka kaza. Muka kai ta gindin tsamiyar, su biyu suka tsaya a tsakiyar gonar wani suka yi wa uwarsu addu'a, ko da yake babu alamar kabari. Ni kuwa baɗin da na yi alkawari bai zo ba. Da aka sake ɗaukar ɗalibai Baba ya kwanta ciwo, shekara ta gaba aka ce shekaruna sun wuce, daga nan babanku ya fito neman aurena. Ranar da yarinyar da aka ba gurbina ta dawo da farin mayafi da akwatin aikinta, na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Ita ta karɓi haihuwarku duka, hannunta mai albarka ne, kuma kowane karo sai na ji wani abu ya soke ni ban da naƙuda. Ba zan ce muku bai yi ciwo ba. Amma da za a mayar da ni tsakar gidan nan washegarin salla, da wuƙa a hannuna da nama a faifai, abin da na faɗa shi zan sake faɗa.

Da ciwon Baba ya yi nauyi, ni aka aika in ɗauko Gwaggo Ladi, don mu haka muke kiran ta. Kogi ya cika, ruwa ja wur, bantun yana tafiya da ƙyar. Muna tsakiyar ruwa ta taɓa ni ta ce, da yarenku yaya ake kiran wan mutum? Na ce Yaya. Ta ce in kuma mutum zai ce ga shi ya iso fa? Na faɗa mata. Ta yi ta maimaitawa cikin mayafi, a jirgi, a mota, har kan tur'a, tana karkacewa ina gyara mata.

Mun tarar da shi kwana biyu bai yi magana ba. Inna na zaune a gefen gadon tana yi masa fifita, ta matsa ta ba ta wuri. Gwaggo ta durƙusa ta kai bakinta kusa da kunnensa, ta faɗa da Hausar nan tata da ba ta wuce kalma uku ba.

"Yaya, na zo."

Ya buɗe idanun da ba sa gani, ya juyo da fuskarsa wajenta. Leɓensa ya motsa, muka matso duka.

"Sannu da hanya, Ladi," in ji shi. "A ba ta ruwa, ta sha tahiya."

Ni na tashi na ɗebo ruwan. Ta sha, ta jiƙa yatsa da sauran ta shafa masa a baki. Hannunsa yana cikin nata har la'asar, lokacin da Allah Ya karɓi abinsa.